"Kwana bakwai ki ciko": me muke haɗiya da sunan ƙarin lafiya?

A zangon karatun da ya wuce, wata ƙawata da muke ɗaki ɗaya a hostel ta fita bakin get ta karɓo saƙo daga hannun ɗan sahu. Wata 'yar farar roba ce a cikin baƙar leda, ba ta fi gwangwanin madara girma ba. An liƙa mata sitika mai hoton wata mata da aka cika wa ƙugu, a ƙasa kuma an rubuta da Turanci wai ganye ne zalla. Babu sunan kamfani, babu adireshi, babu ranar da zai lalace. Naira 3,500 har da kuɗin kawowa. A sitatus ɗin WhatsApp na wata ta gan shi, an sa hotuna biyu, na kafin da na bayan, an rubuta "kwana bakwai ki ciko". Bikin yayarta saura wata ɗaya, ita kuwa tun tana sakandare ake ce mata sillan kara. Ta gaji da ji.

Kuma wallahi ya yi aiki. Kafin kwana goma kumatu sun fito, wuya ya cike, tana cin abinci kamar gara, sai dai ga barci a tsakiyar lakca. Duk muka yi ta yaba mata. Ni da bakina na ce, "Kai, ƙawata, kin yi kyau fa." Har lambar mai sayarwar na karɓa, da niyyar in tura wa wata 'yar ƙanwar mamata.

Da aka kai wata biyu sai labari ya canza. Fuska ta kumbura ta koma zagaye, ƙuraje suka feso, nankarwa ta tsattsaga mata cinya da gefen ciki, tumbi ya fito, amma hannuwa da ƙafafu suna nan sirara kamar da. Al'adarta ta rikice. Ta tsorata ta jefar da robar rana ɗaya, bayan kwana biyu ta kasa tashi daga katifa: jiri, amai, jiki ya mutu. Da muka kai ta asibiti, likitan ya dube ta, tambayar farko da ya yi ita ce, "Me kike sha na ƙiba?" Ya ce alamun da yake gani na wanda ya daɗe yana shan sitiroyid ne.

To a nan nake so mu tsaya, domin nan ne yawancinmu muke yin kuskuren lissafi. Mu a wurinmu, idan abu ya yi aiki da wuri, shi ne mai kyau. Shi ne ake turo wa mai shi saƙon godiya, ita kuma ta ɗauki hoton saƙon ta ɗora a sitatus. Alhali a wannan harka ta ƙwayoyin ƙarin lafiya, waɗanda masu talla ke kira saflimen, saurin aikin nan shi ne babban abin tsoro. Bitamin ba ya cika kumatu cikin mako ɗaya. Hulba ba ta yi, zogale ba ya yi, garin ɗanyar gyaɗa ma ba ya yi. Idan kika ga garin da aka ce miki ganye ne ya canza miki fuska kafin Juma'a biyu, to akwai wani abu a ciki da ba a faɗa miki ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Abubuwa biyu aka fi sani a harkar maganin ƙiba. Na farko shi ne dexamethasone, ƙwayar da ake samu a kusan kowane kemis da kuɗi kaɗan. Magani ne na gaske, mai ƙarfi, likitoci suna ceton rai da shi a cutar asma mai tsanani da kumburi iri-iri, har a lokacin korona an yi amfani da shi ga waɗanda numfashi ya gagara. Amma idan lafiyayye ya ɗauki makonni yana sha, abin da yake yi shi ne ya buɗe ciki, ya sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri, ya kwashe kitse ya tara a fuska da ƙeya da tumbi, naman hannu da na cinya kuma ya rinƙa zubewa. Kin ga ke nan ba ƙibar da kike nema ba ce, kumburi ne. Kallon kitse ake yi wa rogo. Daga baya sai hawan jini, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni, gyambon ciki ya tashi, garkuwar jiki ta faɗi.

Abin da ya kwantar da ƙawata kuwa wani abu ne da ban taɓa ji ba sai ranar. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki nasa sinadarin irin wannan, wanda ke riƙe hawan jini da suga su zauna daidai. Idan kana ɗura na waje kullum, sai ita ta daina aiki, kamar ma'aikacin da ya ga an kawo wani a kujerarsa. Ranar da ka yanke ƙwayar kwatsam, babu na waje, na cikin ma bai farfaɗo ba. Mutum na iya mutuwa a wannan tsakanin. Shi ya sa likitan bai ce mata ta bari kawai ba, sai ya ɗora ta a kan adadin da ya sani, ya rinƙa rage mata a hankali tsawon makonni. Don haka ke da kike karanta wannan da irin robar a cikin jakarki, kar ki ce na tsorata ki ki watsar yau. Ki ɗauke ta ki je asibiti da ita.

Na biyu shi ne cyproheptadine, maganin borin jini da ƙaiƙayi, wanda a gefe guda yake sa yunwa da barci. Shi ke cikin sirop ɗin nan Apetamin da ake yi a Indiya, wanda ya yi tashe a Instagram. Kuma kar mu ɗauka mu kaɗai ne. A 2021 BBC ta yi rahoto na musamman a kan yadda 'yan mata a Ingila ke sayen sa ta intanet don su samu ƙugu, duk da ba a ba shi izinin sayarwa a can ba, har hukumar lafiyar Ingila ta rubuta wa Instagram takarda a kai. A Amurka ma hukumar kula da abinci da magunguna ta gargaɗi mutane, saboda an samu waɗanda ya taɓa musu hanta. Su can a ɓoye ake sayar da irin wannan. Mu nan a kan teburi ne, a tasha, a bakin kasuwa, a cikin baro.

Bari in faɗi wata gaskiya da masu sitatus ba za su so ba: babu ƙwayar da ke da adireshin ƙugu. Babu garin da za ki dama da madara ya wuce ciki, ya wuce wuya, ya je ya sauka a mazaunai kawai. Inda jiki ke ajiye kitsensa gado ne da yanayin halitta. Ki dubi gwaggonninki da innoninki, a nan amsar take.

Maza kuma kar ku yi dariya, naku ya fi yawa. Ku ne masu shayin nan da alewa da zuma da kofi na "ƙarfin maza", waɗanda motoci masu lasifika ke tallatawa da kalaman da mutum ba zai so ya ji yana tafe da mahaifiyarsa ba. Abin da hukumomi a ƙasashe daban-daban suka sha ganowa a cikin irin waɗannan shi ne sildenafil, wato sinadarin Viagra, an niƙa an zuba ba tare da awo ba. Ga wanda ke shan wasu magungunan ciwon zuciya, haɗuwar biyun na iya faɗar da jininsa ƙasa warwas. Ga mai sikila kuma, yana iya jawo matsalar da sai an garzaya asibiti cikin dare, in an yi jinkiri a rasa abin da ake neman ƙarawa ɗin gaba ɗaya. Yaro ɗan shekara 22, lafiyarsa lau, me ya kai shi? Hira ce ta majalisa kawai da tsoron kar a raina shi.

Haka masu neman rage tumbi. Akwai wani magani, sibutramine, da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda an ga yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Bai ɓace ba. Ya koma cikin shayin rage ƙiba da kafso masu hoton koren ganye. Wani bincike da aka buga a 2018 ya duba bayanan hukumar magunguna ta Amurka daga 2007 zuwa 2016, ya ƙirga kayayyaki 776 da aka sayar da sunan saflimen alhali an cusa musu magungunan asibiti a ɓoye. Mafi yawansu na abu uku ne: ƙarfin maza, rage ƙiba, da gina ƙwanji. Ku duba da kyau, ai su ne dai abubuwan da ke cika mana TikTok, in ka ƙara da na ƙiba da na hasken fata.

Wannan ya kawo ni kan wata magana da ke saurin kashe mana baki: "Ai ɗan waje ne, daga Amurka aka kawo." To sai me? A Amurka, bisa wata doka ta 1994, mai yin saflimen ba ya buƙatar hukuma ta gwada kayansa ta amince kafin ya kai kasuwa, saɓanin maganin asibiti. Sai an samu matsala hukuma ke biyo baya. Idan a can ma haka ne, ina ga wanda aka rubuta wa sunan Amurka a wani shago da injin buga sitika?

Na san me wasu za su ce, domin an faɗa min a ido. "Ke 'yar boko, kin raina maganin gargajiya." A'a. Kakata da sassaƙe ta raine mu, kuma ita ta san sunan kowane icce da ta jiƙa, ta san inda aka saro shi, in ka tambaye ta za ta nuna maka. Wanda ya daka ƙwayar kemis ya gauraya da garin hulba ya ce maka gargajiya ne, shi ne ya raina gargajiya, ya kuma ɓata wa masu sana'ar na gaskiya suna. Rigimata ba da ganye ba ce. Rigimata da abin da ba a san ko mene ne ba.

Wasu kuma za su ce talauci ne, kuma wannan maganar tana da nauyi, ba zan yi kamar ban ji ba. Ganin likita kuɗi ne, gwaji kuɗi ne, ga layi tun asuba. Ɗalibar da ke lissafin garin kwaki da kuɗin hand-awut, in aka ce mata ga mafita a naira 3,500, dole ta saurara. Amma mu yi lissafin tare. Kamfanin da ke yin abu bisa ƙa'ida sai ya sayi kayan haɗi masu kyau, ya kai su ɗakin gwaji a duba ko akwai dalma ko ƙwayoyin cuta, ya auna abin da ke cikin kowane kafso, ya biya kuɗin rajista, ya biya haraji, in daga waje ne ya biya da dala. Duk wannan yana cikin farashi. Idan kika ga wani ya kawo miki "irinsa" a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, kuma shi ma ya ci riba, mai tallar ta ci, ɗan sahu ya ci, to wani abu aka tsallake. Ko dai babu sinadarin da aka rubuta, alli ne da sitaci, wanda shi ne ma sa'arki. Ko kuma akwai wanda ba a rubuta ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan kuwa har illa take yi. Abin da ƙawata ta kashe a gwaje-gwaje da magani ya ninka kuɗin robar sau da yawa, ba a maganar jarrabawar gwaji biyu da ta rasa. Wanda ƙodarsa ta tsaya kuwa, ku tambayi duk gidan da ake kai mutum wankin ƙoda sau biyu a mako yadda gona da fili ke tafiya.

Ko mai kyaun ma, ina aka ajiye shi? Yawancin kwalayen nan an rubuta a jikinsu kar zafi ya wuce digiri 30. A watan Afrilu, Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40. Robar da ta wuni a cikin baro a tasha, ko a but ɗin mota, wata da watanni, ko da a ce lafiya ta fito daga kamfani, ba lafiya za ta iso hannunki ba.

Sai batun lambar NAFDAC, wadda ita ma mun mayar da ita kamar laya. Da farko, lamba rubutu ce, kowa na iya bugawa. Hukumar tana da manhaja mai suna Greenbook inda ake duba sunan magani ko lambarsa a ga ko da gaske an yi masa rajista, kuma datar da za ki kashe ba ta kai ta kallon bidiyo biyu ba. Na biyu, kuma wannan mutane da yawa ba su sani ba: magungunan ganye da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba cewa shan abin ba ya cutarwa, amma ba a tabbatar yana maganin abin da mai shi ke faɗa ba. Shi ya sa ake tilasta musu rubuta a jikin kwalin cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. Ƙananan haruffa ne, a can ƙasa. Mai talla ba za ta karanto miki su ba.

Ba na cewa hukuma ta yi barci. Tun zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, kuma ita kanta jabun allurar insulin ce ta kashe mata 'yar uwa, ake wannan yaƙi. A 2024 an rufe shagunan magani a Sabon Garin Kano don a tilasta wa dillalai komawa sabuwar cibiyar Dangwauro. A farkon 2025 an rufe manyan kasuwannin magani na Onitsha da Aba da Idumota a Legas, aka kwashe kaya tirela-tirela. Amma duk wannan kasuwar da ke da ƙofa ce, wadda za a iya sa wa kwaɗo. Kasuwar da ƙawata ta yi sayayya ba ta da ƙofa. Sitatus ne da ke ɓacewa bayan awa 24, da lambar asusu, da ɗan sahun da bai san me ya ɗauko ba. Ranar da muka nemi mai sayarwar mu gaya mata abin da ya faru, cewa ta yi, "Jininta ne bai karɓa ba." Da muka matsa, ta toshe mu.

Kuma a nan ne abin ya dawo kanmu. A ajinmu na aikin jarida an koya mana cewa talla a Najeriya tana da doka: tun 2022 akwai hukumar ARCON da ya kamata ta tantance talla kafin ta fita, har da ta intanet, tallar magani kuma sai da izinin NAFDAC. Na zauna a ajin ina tunanin sau nawa na ga wata mai mabiya dubu ɗari biyu ta ɗaga kwalba ta ce, "Wallahi ni ma shi nake sha." An biya ta ne. Wataƙila ko buɗe kwalbar ba ta yi ba, in kuma jikin nata ne hujja, to fitila ce da filta da tsayuwar da aka koya. Amma ba ita kaɗai ba ce. Mu ne muke ɗora wa ƙawa tallarta a sitatus don zumunci, "a taya ni yaɗawa", ba tare da mun tambayi me ke ciki ba. Ni da na karɓi lambar nan don in tura wa 'yar uwata, da me na fi mai lasifika a tasha? Shi aƙalla ana ganin fuskarsa.

Kafin ma a kai ga talla, mu ne muke ƙirƙirar kasuwar da bakinmu. "Ke ba kya cin abinci ne?" "Wa zai aure ki a haka?" "Amarya sai an gyara ta." Yarinya ta ɗora hotonta, wani ya zo ƙasa ya rubuta "tsinken sakace". Shi ya wuce ya manta, ita kuma daren nan za ta tura kuɗi.

Kar a fahimce ni a karkace, akwai waɗanda ƙarin sinadari ya zame musu dole. Mai ciki ana ba ta ƙwayar ƙarin jini da folik asid a wurin awo, masu sikila ma suna shan folik asid, yara ana ɗiga musu bitamin A lokacin rigakafi. Waɗannan an san me ke ciki, an san adadin, an san dalili. Amma ko bitamin na gaske ba alewa ba ne. Bitamin C da ake ta sha don hasken fata, abin da babba ke buƙata a rana bai kai miligiram 100 ba, yawancin rarar fitsari ake yi da ita, in aka zarce kuma tana iya taimakawa wurin tara tsakuwar ƙoda. Bitamin A idan ya yi yawa taruwa yake a hanta, kuma yana iya nakasa ɗan da ke ciki. Ƙwayar ƙarin jini in ƙaramin yaro ya samu roba ya haɗiye da yawa, tana iya kashe shi.

Rama ma ba kullum ba ce halitta. Wani lokaci tsutsar ciki ce, ko gyambon ciki, ko ciwon suga, ko tarin fuka, ko damuwar da ta hana mutum ci. Wanda ke ramewa saboda tarin fuka ya je ya sha sitiroyid, kumatu za su fito, kowa ya ce ya warke, cutar kuwa ta samu fili tunda an kwance wa jiki makamansa. In kuwa an duba an ce lafiyarki lau, to kuɗin robar nan ki kai su wurin mai ƙwai, mai awara, mai fura da nono, mai gyaɗa. Ba za ki ciko a kwana bakwai ba, wataƙila ma ba za ki ciko yadda kike so ba har abada, don haka Allah ya yi ki.

Ni dai yanzu duk wadda ta turo min "a taya ni yaɗawa", tambaya ɗaya nake yi mata: turo min hoton bayan robar, inda aka rubuta abin da ke ciki da sunan wanda ya yi da lambar rajista. Mutum huɗu na yi wa haka tun daga lokacin. Ɗaya ta turo. Biyu sun yi shiru. Ta huɗun ta ce min sirrin sana'a ne, kuma in ba zan taya ta ba in bari, ba sai na yi mata baƙin ciki ba.

Ƙawata ta gama shan ragowar maganin da likita ya tsara mata, fuskarta ta sauka, ta dawo sillan karanta. Nankarwar ce dai likitan ya ce za ta dushe amma ba za ta tafi duka ba. A hotunan bikin yayarta, waɗanda har yanzu suke shafinta na Instagram, ta fi kowa cika ido, kuma a ƙarƙashinsu akwai mutum uku da suka tambaye ta me take sha.